Shekarar da Na Raba Kwanonina

Na san abin da ake faɗa a kaina a unguwarmu ta Gangaren Tudu, wasunku ma tun suna goye suke jin sa: wai Malama Asabe ta fifita ƙwari a kan ɗan da ta haifa. An taɓa faɗa mini a fuska a gidan suna, cikin wasa. Na yi dariya don kada a ce tsohuwa ba ta san wasa ba, amma maganar ta yi mini zafi, har yau kuma tana yi. Shi ya sa na ware wannan babi don shekarar nan guda. Ku karanta da kyau, ku da 'ya'yanku, in kun gama kowa ya yanke hukuncinsa. Yayanku ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a takarda ba.

Lokacin mahaifinku bai daɗe da rasuwa ba, ni kuma na ajiye alli bayan na tsufa ina koyar da 'yan firamare. Keffi ta riga ta canza kama. Tun da aka faɗaɗa hanyar Abuja, ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga can suka yi ta gangarowa, ga ɗaliban jami'a, kowa na neman ɗaki. Duk mai ɗan fili a bayan gida sai ya sare bishiya ya aza bulo. Wanda bai gina ba ya shafe tsakar gidansa da siminti don kada a kira shi baƙauye. Mu kuwa bayan gidanmu yana nan yadda Malam ya bar shi: tsohuwar katangar ƙasa da kakanku ya gina, ɗorawa guda, da kabewata da ke hawa katangar kowace damina. Da aka raba gado, wurin ya faɗo a rabon yayanku. Ku riƙe wannan da kyau, fili nasa ne halak malak, ni ba ni da ko taku ɗaya a ciki.

A shekarun nan matan unguwa ba su da hira sai ta kabewa. Za ta yi yaɗo, ganye kore shar, ta yi fure, 'ya'ya su fito kamar ƙwan kaza, sai su yi rawaya su zube. Tawa kuwa har sai na rasa wanda zan ba. Wasu suka ce hannu gare ni. Wasu suka ce Malam ya binne laya a gindin katanga, Malam ɗin da ko tarkon ɓera bai iya ɗanawa ba. Ana cikin haka wata malamar jami'a, Dakta Ladi, ta zo neman kabewar miyar taushe. Mace ce da ta manyanta, aikinta nazarin ƙwari. Na kai ta bayan gida ta zaɓa, sai ta bar kabewa ta tsaya tana kallon katanga kamar ta ga ɗan'uwanta da ya ɓata.

"Mama, kin san kina da galla a nan?"

"Na sani mana. Su ne masu bin idon mutum in yana gumi."

Ku da kuka tashi a ɗakin siminti, galla ɗan ƙaramin ƙudan zuma ne baƙi, ba ya harbi. Yana shiga tsagar katangar ƙasa ya yi gida, ya fito da ɗan bututun kaki a bakin ramin. Dakta ta nuna mini bututun nan birjik a jikin katanga, ta nuna mini ƙudan zuma na shiga kogon ɗorawa, sannan ta ja ni wurin furen kabewa. Ta ce akwai namiji akwai mace, macen ita ce mai ɗan dunƙule a ƙasanta. In ƙwaro bai ɗauko garin nan mai rawaya daga namijin ya kai wa macen ba, ɗan dunƙulen zubewa yake yi. Shekara nawa ina koyar da yara sassan fure a allo, ban taɓa durƙusawa na leƙa nawa ba. Na ji kunya sosai.

"To ashe su ne layar Malam?" na ce.

"Zato nake yi, Mama, ban sani ba tukuna. Sai an ƙirga ƙwarin da ke shiga fure a nan, an ƙirga a gidajen siminti, a gwada. Ni kaɗai ce, kuma ba kowane gida zan iya shiga da sassafe ba."

Na ce in dai shiga gidaje ne, babu unguwar da ban koyar da 'yarta ba.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba yayanku ya zo daga Mararaba, inda yake zaune yana zuwa aiki Abuja. Tifar yashi na biye da shi, bulo kuma ya iso washegari. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya ce zai rushe katanga, ya sare ɗorawa, ya fitar da ɗakunan haya. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba don kansa yake yi ba. Ƙannensa biyu na makaranta a wuyansa, ga cefanena, albashi kuma bai san wannan ba.

"Umma, katangar nan fa ta gama aiki. Kowa ya waye sai mu."

"Ka ba ni damina ɗaya. Za mu ƙirga. In babu bambanci tsakanin bayan gidan nan da gidajen siminti, da hannuna zan miƙa wa magina ruwan sha."

"Ƙirga me, Umma?"

"Ƙwari."

Ya sunkuyar da kai don kada in ga dariyarsa, amma na ga kafaɗarsa na rawa. Ya ce ya yarda, damina ɗaya.

Ga yadda muka tsara. Furen kabewa da safe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Kowace mace za ta zauna gaban fure guda daga fara labaran safe na rediyo har a gama, duk ƙwaron da ya shiga ta jefa ƙwayar wake ɗaya a mazubi. Ba sai ta iya karatu ba. Za a yi mako guda a tattaro. Na nemi matan Gangaren Tudu, na nemi na sababbin gidajen bakin gari. Aminiyata Mama Rahila, wadda muka yi koyarwa tare, ta tattaro matan unguwar Liman Abaji har da 'yan zumuntar cocinsu. Jumma mai kawo mana nono daga rugarsu a hanyar Agwada ta ce ita ma a sa da ita, akwai kabewa a bayan bukkarta. Da aka zo maganar mazubi na tuna kaji, in aka bar wake a buɗe ai su za su yi mana lissafin. Sai na sauko da 'yan kwanonina masu murfi, na jeren aurena, waɗanda ko ku ban bari ku taɓa ba. Na wanke su, na ƙulla farin wake na ɗora a kan kowanne, na aika gida gida. Guda ɗaya ya rage, na cusa wa yayanku a mota tare da ƙullin irin kabewa, don tsokana. Ya karɓa ya tafi da shi.

Ranar Asabar ɗin da za a buɗe kwanoni yayanku ya zo, Dakta ta zo da littafinta. Aka jera su a tabarma. Na buɗe na farko, cike. Na biyu, cike. Na matar da na sani tsakar gidanta ko ciyawa guda ba ta fitowa, shi ma cike har murfi na ɗagawa. Na Jumma har da curin man shanu a sama, muka yi dariya muka wuce. Nawa da nake taƙama da shi bai ma kai wasu ba. Dakta ta duba littafinta, ta ajiye biro.

"Mama, in haka ne zatona bai yi daidai ba. Abin da ƙirga ya nuna shi za mu karɓa."

Na so in shaƙe ta. Yayanku kuwa bai yi mini dariya ba, gara ma da ya yi. Cikin ladabi ya ce, "To Umma, magana ta ƙare. Litinin magina za su zo."

Washegari na ce tun da wake ya ci amanata bari in cinye shi. Na juye kwanonin a faifai ina tsincewa, raina a ɓace, sai na ga jan wake a ciki. Ni fari na aika. Na tona, ga jan wake da yawa, ga ma 'yan ƙwayoyin gyaɗa. Na yafa mayafi ko ƙofa ban ja ba, na tari Mama Rahila tana dawowa daga coci, na buɗe mata tafin hannuna.

"Wannan fa daga ina?"

Ta kalli waken, ta kalle ni, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Malama, ke ma dai. Kin aiko mini da kwanon aurenki, fes da shi, har da wake a kai. In mayar miki da shi da ƙwaya huɗu a ciki? A ce me a gari?"

"Ƙwaro nawa kika gani?"

"Na gani dai, ba laifi. Amma Saratu, mai tsakar gidan simintin nan, ta ce ita sati guda tana zaune ko ɗaya ba ta gani ba. Ta zo tana tambayata yaya za ta yi. Na ce ta cika shi, ai ba a mayar da kwano haka. Sauran ma duk haka suka yi."

Na zauna a dakalin wani shago, na rasa ko kuka zan yi ko dariya. Laifin nawa ne. Ni da na aurar da 'ya'ya, ni da na sha zagin yarinya don ta mayar da kwanon maƙwabta babu ko ƙullin gishiri a ciki, ni ce na raba wa matan Keffi kwanon jere na zauna ina jiran a dawo mini da shi wayam. Dakta ba za ta hango wannan ba, littattafanta ba su san kunya ba. Ni ya kamata in hango.

Na kira yayanku a waya na yi masa bayani. Ya ce, "Umma, an gwada an gani. In aka sake bai yi miki daɗi ba, sai a sake kuma?" Na ce alkawarinmu damina ɗaya ne, kuma ga hadari can a gabas. Ya ce ya riga ya yi magana da magina. Nan ne na yi abin da ya jawo mini sunan da kuka ji. Ranar Litinin da sassafe na shimfiɗa tabarma a gindin katanga, na jingina bayana da ita, na kunna rediyo. Magina suka shigo da diga da shebur suka same ni. Babbansu tsohon ɗalibina ne. Ya cire hula ya durƙusa.

"Malama, ina kwana. Aiki aka turo mu."

"Lafiya lau, Audu. Ku yi aikinku, ni ma nawa nake yi."

Suka tsaya suna kallon juna, suka sha ruwa, suka tafi. Kafin azahar gari ya ɗauka. Na san na kunyata ɗana a gaban mutanen da ya ɗauko, a kan filin da yake nasa. Na sani tun ina shimfiɗa tabarmar, kuma na shimfiɗa.

A karo na biyu babu kwano babu wake. Na bi masu sayar da abinci na tattaro gwangwanayen tumatir, na zaɓi waɗanda suka fi tsatsa da lanƙwasa, irin wanda ko a bola mutum zai tsallake. Maimakon wake, tsakuwa. Babu macen da za ta ji kunyar mayar da tsohon gwangwani, babu kuma wadda za ta yi wa mutum alheri da tsakuwa. Da ƙafata na bi gidajen, Mama Rahila na biye da ni tana ba da haƙuri, ina faɗa wa kowace mace magana ɗaya: wadda ba ta ga komai ba ta kawo shi yadda yake, nata ya fi na kowa amfani a wurina. Saratu ta ce, "Malama, ba za ki riƙe ni a zuciya ba?" Na ce in ta sa tsakuwar ƙarya guda, ranar zan riƙe ta. Fure ya fara ja baya a lokacin, saboda haka muka yi mako biyu ba fashi. Dakta ta bi gidajen tana rubuta abin da ke kewaye da kowace kabewa, ƙasa ce ko siminti, akwai bishiya ko babu, ana feshi ko ba a yi. Ni kuma kowace safiya ina gaban furena, ina jin haushi duk sanda galla ta yi shawagi ta wuce ba ta shiga ba. Sau da yawa hannuna ya yi ƙaiƙayin ƙara tsakuwa. Allah ne shaidata ban ƙara ba.

Ranar tattarawa tsakar gidan nan ta cika da mata. Kafin Dakta ta buɗe littafi, Jumma ta ɗaga gwangwaninta ta girgiza a kunne, ta ɗauki na kusa da ita ta girgiza. Sai kowa ta kama girgiza nata. Wani ya yi nauyi ko motsi ba ya yi, wani na ƙwaras ƙwaras, wani shiru. Ba wanda ya ce su yi, matan suka shiga jera kansu, mai nauyi a gabas, marar nauyi a yamma, ana gardama ana auna biyu biyu a hannu. Da layi ya miƙe aka tsaya ana kallon juna. Mama Rahila ce ta fara magana.

"Ku duba fa. Duk mu na nan gefen, wa ba ta da tsohuwar katanga ko bishiya a kusa?"

Babu. Ita kanta tana tsakiyar Liman Abaji, gida a jikin gida, amma maƙwabcinta ya ƙi sare mangwaronsa, katangarsa kuma ta ƙasa ce. A can yamma Saratu ce ta ƙarshe da gwangwani wayam, sai matan sababbin gidaje masu tsakar gida kamar faranti. Abin da ya ba kowa mamaki Jumma ce. Mun ɗauka ita da ke daji za ta fi kowa, sai ga ta a tsakiyar layi. Ta ce ita ba ta yi mamaki ba, manoman da ke kewaye da rugarsu feshi suke yi tun daga shuka har girbi. Dakta ta rubuta wannan da sauri, ta ce Jumma ta koya mata abin da ba ta zo nema ba. Sannan ta zazzage kowane gwangwani ta ƙirga a gaban mai shi, ƙirgan bai sauya layin ba sai a wuri ɗaya ko biyu. Ni ce a ƙarshen gabas. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni har na rangaɗa guɗa, abin da ko a bikin 'yar'uwarku Binta da aka yi daga baya ban yi ba.

Yayanku yana tsaye a bakin zaure, ya ga komai. Da mata suka lafa ya matso.

"Na gani, Umma. Katanga ta zauna."

Na ce a zubo masa abinci. Ya ce ya ƙoshi, ya shiga mota. Ya cika alkawari, amma ya ɗauke ƙafa. Ƙaramar Salla ta zo ta wuce, babba ta zo ta wuce, matarsa Zainab ce ke kawo mini kaya ta ce aiki ya yi masa yawa. Cefane bai taɓa yankewa ba, karatun ƙannensa bai tsaya ba, na kuma san abin da hakan ya ci masa tun da babu ɗakunan haya. Bulon da ya sauke ya yi ta shan ruwa har ya yi kore. Kullum in zan je bayan gida sai na wuce ta gefensa, kullum kuma sai na tambayi kaina ko na yi daidai. Na yi kewar ɗana ƙwarai, kuma babu wanda zan faɗa wa, don a ganin mutane ni ce na ci nasara.

A waje kuwa abu ya kama. Saratu ta sa mijinta ya fasa simintin wani lungu ta shuka ɗoɗɗoya da riɗi. Mata suka daina feshin maganin sauro a kan shuka da safe. Dakta ta koya mana kai garin furen namiji ga macen da hannu, don gidajen da ƙwari suka ƙaurace wa. Wasu magidanta da suka yi niyyar sare bishiya suka gina ɗakunansu a gefe suka bar ta. Ba duka ba, masu rushewa sun ci gaba da rushewa. Amma ƙirga ya zama al'ada, kowace damina mata na zuwa karɓar gwangwani tun kafin in aika, Dakta na kai sakamakon zuwa jami'a da sunan kowace mace a jikin nata.

Ƙarshen damina ta biyu, ina zaune ina fere kabewa, na ji sallamarsa. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya ajiye wani abu a gabana a naɗe cikin leda. Na kwance, sai ga ɗan kwanona mai murfi, wanda na cusa masa a mota don tsokana. Har na manta da shi.

"Na shuka irin a cikin bokiti, Umma, don gidan namu ko'ina siminti ne. Ta yi fure. Da na samu hutu na zauna mako biyu, da rediyo, yadda kuke yi."

Na ɗaga murfin. Babu komai a ciki.

"Zainab ta so ta zuba miki dabino," ya ce. "Na hana ta."

Na mayar da murfin a hankali. Na ƙwala wa Binta kira na ce ta ɗora taushe, yayanku ya zo. Ranar malmala uku ya ci, sannan ya naɗe hannun riga ya zagaya bayan gida yana duba inda ruwa ya zaizaye katanga. Tun daga shekarar nan shi ke kawo mai yaɓe duk rani, ya tsaya a kansa don kada ya toshe wa galla ƙofa. Ɗakunan haya ya gina su daga baya ta gaban gida, sun fi ƙanƙanta, bai taɓa yi mini gori ba.

Saboda haka in kun ji ana maganar ƙwari da ɗa, ku ce katangar ta yayanku ce, shi ya bar ta, shi ke riƙe da ita. Sauran kwanonina ku raba yadda kuka ga dama. Wancan guda da ke saman kabad kuwa, ko bayan raina kada wadda ta kuskura ta zuba wani abu a ciki.